Daga Bagadaza zuwa Haifa: Kuɗin Wasiƙa da Hanyar Hamada Bayan Rushewar Daular Turkawa

A shekarar 1913, ɗan kasuwar Bagadaza da ke son rubuta wa abokin cinikinsa na Dimashƙu ba ya buƙatar tambayar farashin ƙasar waje a gidan waya. Biranen biyu a ƙarƙashin Sarkin Santambul suke, kan sarkinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Bayan shekara goma, wasiƙar nan dai, tsakanin mutanen nan biyu dai, ta koma mai ƙetare iyaka. Na Bagadaza zai biya da ana da rupi, kuɗin Indiya. Na Dimashƙu zai mayar da amsa da ƙirshin Siriya wanda aka ɗaure a jikin faran na Faransa. Idan kuma suna da na uku a Birnin Ƙudus, shi da kuɗin Masar zai sayi nasa kan sarkin. Babu wanda ya yi ƙaura a cikinsu, ƙasar ce aka yanyanka suna zaune a kanta.

Masu tara tsofaffin ambulan ne suka fi bibiyar wannan zance. Sukan ɗora ambulan a ma'auni, su duba hatimin rana, su lissafa ko kuɗin da aka liƙa ya yi daidai da farashin lokacin. Ina ganin aikin nasu ya wuce sha'awa kawai. Takardun yarjejeniya suna faɗin abin da manya suka so a ji, amma ambulan da aka jefa a akwati tana nuna wanda yake riƙe da gari a ranar, da kuɗin da mutane ke kashewa, da hanyar da take a buɗe.

Kafin a fahimci abin da yaƙi ya wargaza, sai an san tsarin da ya tarar. A ranar 9 ga Oktoba 1874 aka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan kan yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, bisa ƙoƙarin shugaban gidan wayar Jamus, Heinrich von Stephan. Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Masar suna cikin waɗanda suka shiga tun farko. Ka'idojin ba su da yawa, amma sun canza duniya. Duk ƙasashen ƙungiyar an ɗauke su tamkar yanki guda ta fuskar wasiƙa. Farashi ɗaya ne, santim 25 a kan giram 15 na farko, daga baya aka ɗaga nauyin zuwa giram 20. Ƙasar da aka jefa wasiƙa ita ke riƙe kuɗin, wadda aka kai wa kuma ta rarraba ba tare da ta nemi komai ba, domin an ƙaddara cewa kowace wasiƙa tana jawo amsa. Ƙasar da ke tsakani ba ta da ikon tare jakar wasiƙu, sai dai a biya ta ladan wucewa. Kowace ƙasa ta mayar da santim 25 ɗin nan zuwa kuɗinta: kwabo biyu da rabi a Ingila, santi 5 a Amurka, ƙirshi ɗaya a ƙasar Turkawa. Har launi aka daidaita, shuɗi na wasiƙar waje, ja na kati, kore na takardun ɗab'i, don ma'aikacin da bai iya karanta harshen wata ƙasa ba ya gane ko an biya daidai.

Sai dai tun a Bern an bar wata ƙofa. An keɓe hanyoyi masu tsada na musamman, irin jirgin ƙasan da ke ratsa Turai da wasiƙun Indiya da wanda ke ratsa Amurka daga New York zuwa San Francisco, aka ce ba su shiga lissafin ladan wucewa na yau da kullum ba. Ta irin wannan ƙofa ce motocin hamada za su shigo bayan shekara hamsin.

A ƙasar Turkawa akwai wani tabo da ya daɗe yana ci wa hukuma rai. Ƙasashen Turai, wato Ostiriya, Faransa, Ingila, Jamus, Italiya da Rasha, suna da gidajen wayarsu na kansu a Santambul, Izmir, Bairut, Yafa da Ƙudus, suna sayar da kan sarkinsu, suna kwashe ribar da ta kamata ta shiga baitulmalin daular. A Bagadaza da Basra kuma gidan wayar Indiya ta Ingila ke aiki tun 1868. Da yaƙi ya ɓarke a Turai, Turkawa suka soke gatan da aka ba baƙi, suka rufe waɗannan gidaje a ƙarshen Satumba 1914, makonni kaɗan kafin su kansu su faɗa cikin yaƙin. Wannan ne karo na farko cikin tsawon zamani da wasiƙar ƙasarsu ta dawo hannunsu kacokan, kuma bai daɗe ba.

Sojojin Ingila da na Indiya sun kama Basra a Nuwamba 1914, suka shiga Bagadaza ranar 11 ga Maris 1917 ƙarƙashin Janar Maude. Abin da suka tarar na kan sarkin Turkawa a birnin suka tattara, suka buga masa rubutun Turanci mai cewa Bagadaza tana ƙarƙashin mamayar Ingila, suka sa sabon farashi da ana, aka fara sayarwa a Satumba 1917. Kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa yau suke da tsada a wurin masu tarawa. A 1918 aka fitar da na ƙasa baki ɗaya, kuma labarinsa ya fi ɗaukar hankali. Kyawawan kan sarki masu hotunan Santambul da Turkiyya ta fitar a 1914, wani kamfanin ɗab'i na Landan ne, Bradbury Wilkinson, ya buga mata su. Sai Ingila ta koma wa wannan zane, aka ɗora masa sunan Iraƙi da kalmar mamaya da farashin ana da rupi. Mutumin Bagadaza ya ci gaba da ganin masallatai da gine-ginen tsohon babban birninsa a kan ambulan, amma da rubutun sabon mai gida a gefe da gefe. Har 1923 ana amfani da su, alhali an naɗa Faisal sarkin Iraƙi tun 23 ga Agusta 1921.

A yamma kuma abin ya fi rikicewa. Bayan Ƙudus ta faɗa hannun Janar Allenby a Disamba 1917, rundunarsa da ta taso daga Masar ta fitar da shuɗin kan sarki na ƙirshi ɗaya a Fabrairu 1918, da kuɗin Masar. Faransawa a gaɓar teku suka buga wa nasu haruffan T.E.O., wato yankunan abokan gaba da aka mamaye, daga baya O.M.F., wato mamayar sojan Faransa. A Dimashƙu gwamnatin Larabawa ta Faisal ɗin nan, kafin ya zama sarkin Iraƙi, ta riƙa danna hatiminta da hannu a kan ragowar kan sarkin Turkawa, ta kuma buga nata. A Maris 1920 aka yi shelar masarautar Siriya, a ranar 24 ga Yuli sojojin Faransa suka murƙushe ta a Maisalun. Wata huɗu da 'yan kwanaki ke nan. Ambulan da suka tsira daga wannan ɗan taƙi suna cikin shaidun da suka rage na cewa mutanen Sham sun kafa gwamnatinsu, ta yi aiki, ta kai wasiƙa, kafin a zo da hujjar cewa ba su isa riƙe kansu ba.

Farashin kansa bai tsira ba. Santim 25 na 1874 ya dogara ne da kuɗaɗen da ke tsaye a kan zinariya, yaƙi kuwa ya tumɓuke wannan tushe. Taron ƙungiyar na farko bayan yaƙi, a Madrid a 1920, ya ɗauki faran na zinariya a matsayin ma'auni, ya ninka farashin wasiƙa zuwa santim 50, tare da barin ƙasashe su daidaita gwargwadon halin kuɗinsu. Ingila ta ɗaga nata zuwa taro a 1921, ta dawo da shi kwabo biyu da rabi a 1923. A Jamus, a ƙarshen wannan shekarar, wasiƙa ɗaya zuwa waje sai da ta ci biliyoyin mak. Siriya da Labanan kuma, da yake an ɗaure kuɗinsu da faran, duk lokacin da faran ya faɗi a Faris sai farashi ya tashi a Halab, a sake buga sabon adadi a kan tsohon kan sarki. Talakan da bai taɓa ganin Faris ba shi ke biyan kuɗin rikicin kasafinta.

To, ga kuɗi an sa, saura hanya. Tsakanin Bagadaza da Dimashƙu akwai hamada ta kusan kilomita 880. A ƙarni na 19 akwai masinjojin raƙumi da ke ratsa ta cikin kwana goma ko kusa da haka, da farko na ofishin jakadancin Ingila, daga baya na Turkawa. Bayan yaƙi, da Iraƙi ta koma rataye a wuyan Indiya, wasiƙar da za ta Landan sai ta fara ba Turai baya: ta gangara Basra, ta shiga jirgin ruwa zuwa Bombay, sannan ta juyo ta Adan, Bahar Maliya da mashigin Suwez. Tafiyar fiye da mako uku ce, sau da yawa ma ta zarce wata. A 1921 sojojin saman Ingila suka buɗe hanyar Alƙahira zuwa Bagadaza, inda aka ja garma a hamada aka yi dogon layi don matuƙa su riƙa binsa da ido. Sau ɗaya ne a mako biyu, kuma da farko ƙarin sule ɗaya ake biya a kan kowace oza daga Ingila, kafin a rage zuwa sisi.

A nan 'yan'uwa biyu daga Niyuzilan suka shigo, Norman da Gerald Nairn, tsofaffin sojojin yaƙin da suka zauna a Bairut suna harkar motoci, suna jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Bairut da Haifa. A Afrilu 1923 aka yi tafiyar gwaji da motoci uku, Buick da Oldsmobile da Lancia, daga Dimashƙu zuwa Bagadaza cikin kwana uku. Gwamnatin Iraƙi ta ba su kwangilar shekara biyar, da sharaɗin isar da jakunkuna Haifa cikin sa'o'i 60. A ƙarshen Agusta 1923 aka fara ɗaukar wasiƙu, a Oktoba aka buɗe hanyar a hukumance. Mota takan tashi daga Bagadaza, ta haye Furatu a Falluja, ta wuce Ramadi, ta nausa hamada ta rijiyoyin Rutba, ta ɓulla Dimashƙu, ta haura duwatsun Labanan zuwa Bairut, ta bi gaɓar teku zuwa Haifa. Daga nan jirgin ƙasa ya kai jakunkuna bakin mashigin Suwez, jirgin ruwa ya karɓa a Bur Sa'id. Landan ta dawo tafiyar kwana goma ko ƙasa da haka.

Yawancin masu ba da wannan labari sukan tsaya a kan jarumtakar 'yan'uwan biyu, kuma ba a raina musu ba, domin tuƙa mota dare da rana a fili marar titi, marar ruwa, ba wasa ba ne. Amma hanyar ba su suka gano ta ba. Alhaji Muhammad Ibn Bassam, attajiri ɗan asalin Najadu mazaunin Dimashƙu, ya riga su bin ta da mota yana safarar zinariya. Shi ya shiga tafiyar gwajin, mutanensa ne jagorori, kuma ta hannunsa aka riƙa biyan kuɗi don ƙabilun hamada su bar motoci su wuce lafiya. A bayansa kuma akwai ilimin madugai da makiyaya na ɗaruruwan shekaru, waɗanda suka san inda ƙasa ke da tauri da inda ruwan sama ke mayar da ita taɓo. Haka ma akwai kamfanin gidan Kettaneh na Labanan da ya bi hanyar Tadmur kafin a haɗe shi da na Nairn a 1926. Sunan da ya shiga littattafai na Turawan ne, kuma ina ganin adalci ne duk wanda ya ambaci Nairn ya ambaci Ibn Bassam a numfashi ɗaya.

Saurin nan ba kyauta ba ne. An ɗauki hanyar a matsayin hidima ta musamman, don haka aka halatta ƙarin kuɗi a kanta. A Iraƙi wasiƙar waje ana 3 ce a kan giram 20 na farko, sai a ƙara wasu ana 3 na hamada, wato ninki biyu. A Ingila taro ake ƙarawa a kan kwabo biyu da rabi. Dole kuma mai aikawa ya rubuta a saman ambulan cewa ta hanyar ƙasa yake so, ko ya liƙa jar takardar da aka tanada. Wanda bai rubuta ba, ko bai cika kuɗin ba, wasiƙarsa na iya bin tsohuwar hanyar teku. Kowace ƙasa kuma da lokacin da ta amince da tsarin da adadin da ta sa, shi ya sa har yau masu bincike ke tono tsofaffin sanarwar gidajen waya ƙasa bayan ƙasa. Gasar ta yi amfani nan take: kafin 1923 ta ƙare an sauko da ƙarin kuɗin jirgin sama zuwa taro shi ma.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne wanda aka gina shi dominsa. An tsara shi ne da agogon jirgin ruwan Bur Sa'id, don jami'in mulki da banki da kamfani su ji daga Landan da wuri. Ga mutumin Bagadaza mai ɗan'uwa a Dimashƙu ko Bairut, hanyar ta taimaka, babu musu. Amma ga shi yana biyan farashin ƙetare iyaka, da ƙari a kai, don wasiƙar da mahaifinsa ya aika a matsayin ta cikin gida. Ƙungiyar Bern ta yi alkawarin mayar da duniya yanki guda, sai ga yankin da dama can guda ne an raba shi, ana sake ɗinke shi da kuɗin mazaunansa.

Hanyar kuma ba ta taɓa kuɓuta daga siyasa ba. Da boren Siriya ya tashi a 1925 daga Dutsen Duruz, har Faransawa suka yi wa Dimashƙu ruwan bama-bamai a Oktoba, an kai wa motoci hari, aka karkatar da su kudu ta Amman da Ƙudus, ta cikin baƙaƙen duwatsu masu cin taya. Bayan ƙura ta lafa aka dawo. Aka gina ganuwa a Rutba mai masauki da 'yan sanda da na'urar sadarwa, aka kawo manyan bas masu ƙafa shida, daga baya masu sanyaya iska. Kafin shekarun 1920 su ƙare aka soke ƙarin kuɗin a kan wasiƙu, hanyar hamada ta zama ta kowa. Iraƙi ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya da sunanta a 1929, ta yar da ana da rupi ta ɗauki dinari da fils a Afrilu 1932, ta samu 'yanci a Oktoban wannan shekara. A 1933 kuma gidan wayarta, ƙarƙashin Douglas Gumbley, ya fito da siririyar takarda mai naɗewa ta zama ambulan ɗin kanta, kakar shuɗiyar takardar jirgin sama da iyayenmu suka riƙa rubuta wa 'yan'uwa a ƙetare.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake kwance komai. A ranar 10 ga Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta rufe wa jiragen Ingila, wato rabin hanyar da ke bayan Haifa ya yanke. Cikin watan nan Faransa ta faɗi, Siriya da Labanan suka koma ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta Vichy, sai Dimashƙu, zuciyar hanyar, ta zama wurin da Ingila ba ta yarda da shi ba. Nauyi ya koma kan titin kudu da ake ginawa a gefen bututun man Kirkuk zuwa Haifa, ta ƙasar Urdun. Wasiƙun Ingila kuwa suka koma zagaye Afirka ta Durban, tafiyar makonni masu yawa. Wasu kuma suka ratsa ta samanmu: bayan Gwamna Félix Éboué ya kai Chadi ɓangaren Janar de Gaulle mai adawa da Vichy a Agusta 1940, jirage suka riƙa tashi daga Takoradi da Legas, su sauka Kano da Maiduguri da Fort Lamy, su wuce Khartum zuwa Alƙahira. Kuma kowace wasiƙa sai mai tace saƙo ya farke ta, ya karanta, ya liƙe da takardarsa. Ana samun ambulan ɗaya mai ɗauke da tambarin masu tacewa na ƙasashe biyu ko uku.

Shekarar 1941 ta fi kowace tsanani. A farkon Afrilu Rashid Ali al-Gailani da hafsoshin da ke mara masa baya suka karɓe mulki a Bagadaza, a ranar 2 ga Mayu faɗa ya ɓarke da Ingila a sansaninta na Habbaniya, kan hanyar motocin wasiƙa daidai. Ganuwar Rutba, wadda aka gina don matafiya su huta, ta zama sansanin da aka yi ta gwabzawa a kai, har rundunar Urdun ƙarƙashin hafsan Ingila Glubb ta karɓe ta. Rundunar da ta zo daga Falasɗinu don ceto Habbaniya hanyar hamadar nan ta biyo. A ƙarshen Mayu gwamnatin Rashid Ali ta rushe. Ranar 8 ga Yuni kuma Ingila da mutanen de Gaulle suka kutsa Siriya da Labanan, aka yi ta yi har 14 ga Yuli. Cikin wata huɗu duka bakin hanyar biyu sun canza hannu. Jakunkuna suka taru a gidajen waya, wasu wasiƙu aka mayar wa masu su da hatimin cewa an dakatar da hidima. Iyalan da yaƙi ya raba tsakanin ɓangarori biyu ba su da abin dogaro sai fom ɗin Red Cross na Janiba, wanda bai yarda a wuce kalma 25 ba, kuma zancen iyali kaɗai.

Bayan Yulin 1941 hanyar Dimashƙu ta sake buɗewa, amma zamaninta ya fara wucewa. Layin dogo daga Bagadaza zuwa Santambul ya kammala tun 1940, jirgin sama kuma ya ƙwace wasiƙun gaggawa. Abin da ya yanke ta ƙarshe shi ne 1948. Hukumar Ingila a Falasɗinu ta rufe gidajen wayarta ɗaya bayan ɗaya a watannin Afrilu da Mayu, Haifa ta faɗa hannun dakarun Yahudawa a Afrilu, mafi yawan Larabawan birnin suka fita gudun hijira, aka rufe bututun mai, iyaka da Labanan da Urdun ta toshe. Tun daga lokacin babu jakar wasiƙa da ta sake tashi daga Bagadaza kai tsaye zuwa Haifa. Gerald ya koma Niyuzilan, Norman ya bar wa ma'aikatansa kamfanin, motocin suka ci gaba da ɗaukar fasinja tsakanin Dimashƙu da Bagadaza har zuwa ƙarshen shekarun 1950, lokacin da aka rufe shi.